S1595 a ma'aunin 1:48: nazarin ginin ƙaramin jirgin tseren 1931

Ranar Lahadi 13 ga Satumba 1931, wani hafsan sojan saman Birtaniya mai suna John Boothman ya tashi daga ruwan Solent a kudancin Ingila, cikin jirgin Supermarine S.6B mai lamba S1595. Ya yi zagaye bakwai, kowane zagaye kilomita 50, ya gama cikin minti 38 da 'yan daƙiƙoƙi, gudunsa kilomita 547 a awa. Tseren kofin Schneider ne, gasar gudu ta jiragen sama masu tashi daga kan ruwa, kuma shi kaɗai ya tashi, don Italiya da Faransa ba su gama shiri ba, sun janye. Hakan bai hana komai ba. Dokar kofin Schneider ta ce ƙasar da ta ci sau uku cikin shekara biyar ta riƙe kofin dindindin, Birtaniya kuwa ta riga ta ci a Venis a 1927, ta sake ci a gida a 1929. Ranar 29 ga watan, George Stainforth ya hau wannan jirgin dai ya kai kusan kilomita 656 a awa, ya zama mutum na farko da ya haura mil 400 a awa.

Wannan jirgin ne wani dattijo Bature ya ɗauki aniyar ginawa a kan teburin ɗakinsa, a girman da bai wuce taƙi ɗaya ba. Na bi aikin tun daga buɗe kwali har ranar da aka ɗora shi a teburin baje koli, kuma abin da ya ba shi wuya ba ƙanƙantar sassan ba ce. Hannunsa ya saba da wannan. Wahalar ita ce sanin yadda jirgin yake a waccan Lahadin.

Maginin da kwalinsa

Dattijon ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar jiragen ruwa ta Southampton yana gyaran bututu da tukunyar inji. Mun san juna a ƙungiyar masu harhaɗa ƙananan jirage, wadda ke zama a wani zauren unguwa. Sha'awar tsohuwa ce a ƙasar: a 1932 aka fara sayar da sassan katako masu suna Skybirds a ma'aunin 1:72, wato an rage girman jirgin sau 72, a 1936 kuma FROG, wani mai yin irinsu, ya fito da na roba. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya san daɗin abin. Sai dai mai motar kara ba wanda zai zo masa da ma'auni ya ce tayarsa ta fi ta Bedford girma da milimita biyu. Su a nan ana zuwa.

Faɗin fukafukan S.6B daga baki zuwa baki mita 9.14 ne, tsawonsa mita 8.79. A ma'aunin 1:72 faɗin zai zama santimita 12.7, a 1:48 santimita 19, a 1:32 kuma sama da 28. Ya zaɓi na tsakiya. Na ƙasa da shi ya yi ƙanƙanta da zai nuna aikin da ke jikin jirgin, na sama kuwa yana tona duk abin da mutum ya yi zato a kai.

Kwalin da ya samu tsohon yayi ne, sassa 'yan kaɗan, daga zamanin da ake yin irin waɗannan don yara su manna cikin yini guda. Da ya aza sassan a kan zanen ƙira sai ya ga kwale-kwalen nan biyu da jirgin ke tsayawa a kansu a ruwa sun yi gajarta, ƙafafun da ke riƙe su sun yi kauri, layukan jikin a tashe suke kamar an ɗora zare, gurbin matuƙi kuma rami ne kawai. A ƙarshe gangar jiki da fukafukai kaɗai ya ɗauka daga kwalin. Sauran da hannunsa ya yi.

Wane jirgi ne a hoton?

A 1931 jirage huɗu masu kama da juna ne a sansanin Calshot da ke bakin ruwan Solent, ƙarƙashin rundunar gudu ta sojan saman Birtaniya da Augustus Orlebar ke shugabanta. Dalilin kamar kuwa kuɗi ne da lokaci. A farkon shekarar gwamnati ta ce ba za ta biya kuɗin shiga tseren ba, sai da Lady Houston ta ba da fam 100,000 daga aljihunta. Watannin da suka rage ba su isa a zana sabon jirgi ba, don haka R. J. Mitchell, wanda daga baya ya zana jirgin yaƙi na Spitfire, ya ɗauki S.6 na 1929 ya yi masa kwaskwarima. Aka ƙera sababbi biyu, S1595 da S1596, su ne S.6B. Tsofaffin biyu, N247 da N248, aka gyara su aka kira su S.6A.

Ga mai kallo daga nesa duk ɗaya ne. Ga magini ba ɗaya ba ne, don kwale-kwalen S.6B sun fi na S.6 na 1929 tsawo da kusan mita guda, abin da ke zama kusan santimita 2 a ma'auninsa. Hotunan zamanin kuma sau da yawa an rubuta musu "S.6B" a ƙasa ko da tsohon ne a ciki. Har da wani tarko mafi muni: shekaru da dama, har zuwa shekarun 1960, an ajiye N248 a bakin ruwan Southampton da lambar S1596 a jikinsa. Duk wanda ya auna shi a lokacin, ko ya zana shi, ko ya ɗauki hotonsa ya buga, ya yaɗa siffar S.6A da sunan S.6B ba tare da ya sani ba. Yanzu N248 yana gidan tarihi na Solent Sky a garin, da lambarsa ta gaskiya.

Saboda haka dattijon ya kafa wa kansa doka: hoton da ba a ga lambar jirgin a wutsiya ba, ko lambar tsere 1 a gefensa, ba shaida ba ne. Wannan ya zubar da mafi yawan abin da ya tara. Waɗanda suka tsira ya jera su gida biyu, na kafin tsere da na bayansa.

Shaida ta biyu shi ne jirgin kansa. S1595 yana nan a gidan tarihin kimiyya na Landan, haka ma kofin. Ana cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin ma sai an yi masa tambayoyi. Ba a sake wa jirgin fenti ba, an bar shi da tsufansa, kuma a ganina daidai suka yi. Sai dai abin da ke gabanka jirgi ne da ya haura shekara 90: fentin ya dushe ya yi duhu, wani wurin ya ɓare, jikin ya loɓa nan da can. Ya isa shaida a kan siffa, da inda kowace ƙusa take, da yadda waya ke shiga fiffike. A kan launi da sheƙi kuwa, tsoho ne yake ba da labarin ƙuruciyarsa.

Fatar da ke aiki

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne tsohuwar sana'ar dattijon ta yi masa rana.

Injin jirgin Rolls-Royce R ne, silinda 12, lita 36.7. A 1929 yana ba da ƙarfin doki 1,900, a 1931 aka matse shi har 2,350. Irin wannan inji zafin da yake fitarwa ya wuce misali, lagireto irin na mota kuwa, mai tsayawa a gaba iska na dukansa, zai cinye gudun da ake nema. Sai Mitchell ya mai da jikin jirgin kansa lagireto. Fatar fukafukan falle biyu ce ta alminiyon, tsakaninsu tazarar da ba ta kai milimita 2 ba, ruwan inji na bi ta ciki yana hucewa. Saman kwale-kwalen ma haka. Man inji kuma tankinsa a cikin tsayayyen fiffiken wutsiya yake: yana fita daga inji da zafinsa, ya bi ta siraran hanyoyi da aka shimfiɗa a gefen gangar jiki har wutsiya, sannan ya dawo. Duk da wannan dabara, matuƙan ba sa iya sakar wa injin linzami yadda suke so, idonsu na kan ma'aunin zafin ruwa.

Ma'anar wannan ga magini ita ce babu wani layi a jikin S.6B da yake ado. Ya taɓa ce mini, yana nuna gefen jirgin da tsinke, wanda bai san inda mai ke bi ba zai zana layukan ne kawai, kuma za su fito kamar zane. Shi ya fara da bin hanyar man a takarda, daga inji zuwa wutsiya da dawowa, kafin ya taɓa roba.

Ya goge dukkan layukan kwalin da samfefa har jikin ya yi sumul. Hanyoyin man ya yi su da siririyar waya mai laushi, ya miƙar da ita ta hanyar murza ta tsakanin gilashi da katako, ya jera silli-silli a kan tef, sannan ya ɗauke su gaba ɗaya ya manna a gefen jirgin. Wuyar ita ce jikin ba miƙaƙƙe ba ne, yana tsukewa wajen wutsiya, kuma dole gefen dama da na hagu su zama tagwaye. Gam ya yi yawa, ramukan tsakanin wayoyin su cike. Ya yi kaɗan, waya ta ɗago bayan an yi fenti. Da bakin allura yake ɗiga shi.

Sai maganar ƙusoshi, inda muka saɓa. Kan ƙusa mai faɗin milimita 5 yana zama kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita a 1:48, kaurin gashin kai ke nan. Kallon samfurin daga rabin mita daidai yake da kallon jirgin gaske daga mita 24, kuma daga can ba a ganin ƙusa. Ni ina ganin a bar su. Shi ya ce a kan fatar da ruwa ke bi, jerin ƙusoshin ne ke nuna falle biyu ne aka haɗa, idan babu su fiffiken zai zama kamar na kowane jirgi. Ya bi su da wata 'yar ƙaramar taya mai haƙora, layi bayan layi, sannan ya sake gogewa har suka kusa ɓacewa. Yanzu sai haske ya faɗo a karkace ake ganinsu. Na yarda sun yi kyau a fukafukan. A kan kwale-kwalen har yau ina ganin sun yi yawa.

Gurbin matuƙi bai ci lokaci ba. A jirgin gaske ma matsattse ne, matuƙin ba ya ganin gabansa sosai saboda dogon hancin inji. Kujera, sanda, allon agogo, shi ke nan, kuma da aka rufe gilashin kusan ba a ganin komai.

Kwale-kwale, ƙafafu da wayoyi

Sababbin kwale-kwalen da katako mai laushi ya fere su, yana gwadawa da 'yan faranti da ya yanka daidai da siffar kowane yanki na zanen. Guda ɗaya ya fere, ya yi masa ƙalubi, ya zuba biyu, don su fito iri ɗaya.

A jirgin gaske waɗannan kwale-kwalen su ne tankin fetur, kuma na dama ya fi ɗaukar mai. Dalilin shi ne farfelar: ƙarfe ce mai kunne biyu ƙirar Fairey-Reed, kuma ƙarfin da injin ke juya ta da shi yana danna kwale-kwalen hagu cikin ruwa lokacin tashi, jirgin ya riƙa karkata. Nauyin man dama ne ke rage wannan. Ba abin da ake gani daga waje, amma sanin hakan ya sa ya fasa ɗora samfurin a kan ruwan roba kamar yana shirin tashi. Ya ce in zai yi haka sai ya nutsar da gefen hagu ya kuma sassaƙa feshin ruwa, in ba haka ba ƙarya ce. Ya zaɓi ya tsayar da shi a kan keken da ake tura shi da shi a tudu.

Ƙafafu huɗu ne ke haɗa gangar jiki da kwale-kwalen. Na roba ba za su ɗauki nauyin ba, don haka ya sa sandar tagulla a cikin kowace, ya lulluɓe ta, ya goge ta zuwa siffar da ke yanka iska. Kafin ya manna komai sai da ya ƙera wani katako mai gurabe da ke riƙe kwale-kwalen a daidai tazararsu, da gangar jikin a daidai tsayinta. Wannan katakon ya ci masa lokaci fiye da ƙafafun kansu, kuma ba wanda zai taɓa ganinsa. Amma jirgi mai kwale-kwale in ya karkace da rabin milimita, ido na kamawa daga ƙofar ɗaki.

Fukafukan S.6B sirara ne, wayoyi ne ke riƙe su: daga saman gangar jiki zuwa fiffike, daga fiffike zuwa kwale-kwale, sannan tsakanin kwale-kwalen biyu. Wayoyin kuma ba zagayayyu ba ne, a baje suke don kada su ja iska. Masu wannan sha'awa suna da hanyoyi da yawa. Wasu zaren fatsa suke sawa, wasu su ja robar kwalin a kan kyandir har ta zama zare, su manna, su kusanto da garwashin ashana ta ɗame. Wasu zaren roba mai talewa. Duk waɗannan zagayayyu ne ko kuma suna murɗewa. Shi ya zaɓi siraran ƙarafa bajajju. Sun fi kowanne kama da na gaske, amma suna da hali: ƙarfe da roba ba sa miƙewa daidai da juna in zafi ya canja, sai wayar ta lanƙwashe. Maganin da aka sani shi ne a manna baki ɗaya, a bar ɗayan yana wasa cikin raminsa. Haka ya yi wa na fukafukan. Na tsakanin kwale-kwalen, da yake gajeru ne, ya manna su baki biyu.

Bai manta da 'yan ƙananan nauye-nauyen da aka ɗaura wa faifan wutsiya da na bakin fukafukai ba. An sa su ne a 1931 bayan da faifan wutsiya ya riƙa karkarwa a gudu mai tsanani lokacin gwaji. Kwalin bai zo da su ba. Da waya da ɗigon gam ya yi su.

Rigimar shuɗi

Kowa ya yarda jirgin shuɗi ne da ruwan azurfa, da ratsin ja, fari da shuɗi a wutsiya. Wane shuɗi, nan ne ake raba gari. A ƙungiyarmu kaɗai akwai masu cewa mai duhu ne sosai, suna kafa hujja da jirgin Landan, akwai masu cewa mai haske ne, suna kafa hujja da hotuna.

Hotunan baƙi da fari ne, kuma fim ɗin kyamara na zamanin iri biyu ne. Tsohon irin ba ya jin ja: ja yana fitowa kusan baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Sabon irin, wanda ya fara yaɗuwa a lokacin, yana jin launuka duka, shuɗin sai ya fito da duhunsa. Jirgi ɗaya a rana ɗaya zai iya fitowa da fuska biyu, ya danganta da abin da mai hoto ya sa a kyamararsa. Dabarar dattijon ita ce ya fara duba wutsiya a kowane hoto. In ratsi ɗaya ya yi baƙi ƙirin ɗayan ya koɗe, tsohon fim ne, kada a yarda da hasken shuɗinsa. In sun yi kusa da juna, sabon fim ne, ana iya sauraronsa.

Daga nan ya haɗa shuɗi kala-kala ya fesa a cokulan roba, ya kai su Landan, ya riƙa ɗaga su yana gwadawa da wuraren da rana da hannu ba su cika kaiwa ba, kamar ƙarƙashin wutsiya. Taɓawa dai ba a yi, hasken zauren kuma ba na rana ba ne, don haka bai ɗauki gwajin a matsayin hukunci ba. Iyaka kawai ya ba shi: kada ya wuce nan a duhu. Hotunan sabon fim suka ba shi ɗaya iyakar. Ya zaɓi wani a tsakani, ya ɗan ƙara masa fari, saboda launi a kan ƙaramin abu yana fin yadda yake a kan babba duhu a ido.

Ruwan azurfar ya fi sauƙin yanke shawara, ya fi wuyar yi. Sai an fara shimfiɗa baƙin fenti mai sheƙi, ya bushe sarai, sannan a fesa na alminiyon sama-sama. Duk ƙarzanen da samfefa ta bari, wannan fentin zai nuna shi. Fiffike ɗaya sai da ya wanke shi ya sake saboda ƙura.

Bai tsufar da jirgin ba, kuma a nan ina bayansa ɗari bisa ɗari. Yayin yanzu shi ne a yi wa kowane samfuri tsatsa da datti da ɓarewar fenti, kamar ya dawo daga yaƙi. S1595 a ranar tsere sabo ne, 'yan watanni da ƙerawa, awannin tashinsa kaɗan, makanikai na goge shi kullum don kowane ƙurji a fata ragin gudu ne. Ɗan baƙin hayaƙi kawai ya sa a bayan bututun shaye-shayen inji.

A teburin baje koli

Ya kai shi bikin shekara na ƙungiyar. A gefensa ya ajiye kati mai layi biyu. Na farko ya lissafa abin da ya tabbatar daga jirgin Landan da hotuna masu lamba: siffa, tsawon kwale-kwale, hanyoyin mai, wayoyi, lambobi. Na biyu ya lissafa abin da ya zaɓa da kansa: zurfin shuɗin, yawan sheƙin azurfar, launin cikin gurbin matuƙi, da fasalin keken. Ban taɓa ganin wani ya yi haka a wurin ba. Wasu sun ce ya rage wa aikinsa daraja da bakinsa. Masu shuɗi mai duhu dai ba su sauka daga ra'ayinsu ba, masu haske ma haka, sai dai gardamar ta koma kan fim ɗin kyamara maimakon kan wanda ya fi wani ido.

Alƙalan sun auna faɗin fukafukan suka samu santimita 19, suka duba shi ta gaba suka ga kwale-kwalen a tsaye daidai. Aibi ɗaya suka rubuta. Zauren ya yi ɗumi da rana saboda taron jama'a da fitilu, kafin la'asar biyu daga cikin wayoyin tsakanin kwale-kwalen sun lanƙwashe, waɗancan da ya manna baki biyu. Na fukafukan ko motsi ba su yi ba. Da ya koma gida ya ɓalle gajerun duka, ya zurfafa ramukan da ɗan ƙaramin abin huji, ya mayar da su da baki ɗaya a sake.